Roadmaster ɗina ta zama kayan ado a gareji, yaya ake fita da motar yaƙi a Siyatil?

Ɗan Gareji:
Assalamu alaikum jama'a. Ƙorafi na kawo, amma shawara nake nema, ku yi haƙuri da tsawon rubutun.

Wata uku ke nan muna buga Shadowrun bugu na 5, wasan tebur da kowa ke riƙe ɗan wasansa a cikin labari ana jefa dayis, duk ranar Asabar, labarin a Siyatil ta 2075. Ni ne rigga na ƙungiyar, wato direban da ke jona ƙwaƙwalwarsa da mota har ya riƙa jin ta kamar jikinsa. Ɗan wasan nawa ork ne, ɗaya daga jinsunan mutanen wasan, na sa masa suna Kwalta. Wajen gina shi na sa dukiya a matakin A, na karɓi nuyen (kuɗin duniyar wasan) 450,000. Na'urar jonawa mai daraja 2 ita kaɗai ta lashe 97,000. Na sayi Ares Roadmaster, babbar mota mai sulke, a 52,000, na kafa mata mazaunin bindiga a rufi na ɗora AK-97, sauran kuɗin ya tafi kan jirage marasa matuƙi da kayan jiki. SIN na jabu kuwa, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, mai daraja 2 na saya, da lasisin tuƙi guda ɗaya, don a lokacin gani nake kuɗin takarda asara ce.

Asabar ɗin da ta wuce aka ba mu aiki a Bellevue, unguwar masu kuɗi, mu ɗauko wani ma'aikacin kamfani daga gidan cin abinci. Na rufe bindigar da tamfol na ɗaure da igiya. Muna sauka daga babbar hanya ta 405 sai ga jiniya a bayanmu. Mai jan wasanmu, mai ba da labari da yanke hukunci, ya kare da hannu ya watsa dayis shida, ya leƙa, ya yi wani murmushi da ban so ba, ya ce SIN ɗina ya ƙone. Na taka mota. Da ƙyar muka sha, na rasa jirgi ɗaya, aikin ya lalace, Mista Johnson, wanda ya ba mu aikin, ya daina ɗaukar wayarmu. Wanda ke buga mana boka bai sake ce min uffan ba har aka kwashe kofunan shayi.

Karo na uku ke nan ana tare ni. Yanzu motar na ajiye a Redmond, unguwar da ba doka, mun koma shiga tasi zuwa aiki kamar masu zuwa ɗaurin aure. Yaya kuke fita da irin wannan mota ba tare da Knight Errant, kamfanin da ke aikin 'yan sandan garin, sun addabe ku ba? Ko kuwa mai jan wasan ne kawai ya sa min ido?

Autan Rukuni:
Wa'alaikumus salam. Yaya, tamfol? A Bellevue? 😂

Ɗan Gareji:
Auta ka bari. Sabo ne fa tamfol ɗin.

Gimbiyar Kutse:
Ɗan Gareji, kafin a zo maganar tamfol, ka buɗe littafin ka duba harafin da ke jikin kowane kaya. AK-97 ɗinka 4R ce. R na nufin ana iya mallakarta da lasisi, kuma lasisin jabu nuyen 200 ne kowace daraja. Mazaunin da ka kafa ta a kai kuwa 8F ne. F haramtacce ne, babu wani lasisi da ake bayarwa a kansa, na gaskiya ko na jabu. Wato bindigar da kake ɓoyewa ita ce mai sauƙin wankewa, ƙarfen nuyen 2,500 da ke riƙe da ita shi ne laifin. Roadmaster ɗin kanta ba ta da harafi ko ɗaya, kowa na iya saye.

Sai SIN. In aka duba ka, na'urar dubawa na jefa dayis ninki biyu na darajarta, ana neman 5 da 6. In cin da ta yi bai kai darajar SIN ɗinka ba, ka wuce. In ya yi daidai, za ta ce akwai abin da bai kwanta mata ba, a ƙara bincike. In ya zarce, SIN ya ƙone, duk lasisin da ke rataye da shi ya bi shi. Ka ce dayis shida ya jefa, na'ura mai daraja 3 ke nan. Na yi lissafin: da SIN mai daraja 2, kusan kashi 32 cikin 100 zai ƙone nan take, wani kashi 33 kuma za ta yi zargi. Tsayawa uku, yiwuwar ka ƙone aƙalla sau ɗaya ta haura biyu cikin uku. Ba sa ido aka yi maka ba, lissafi ne ya cim maka.

Da mai daraja 4 ka saya, wanda shi ne iyakar abin da ake samu wajen gina ɗan wasa, nuyen 10,000 ne maimakon 5,000, kuma ƙonewa ba ta kai kashi 2 cikin 100 ba a kan wannan na'urar. Ka kashe 450,000 ka yi rowar 5,000.

Ɗan Gareji:
Anti, kin gama da ni. To in na sayi mai daraja 4 yanzu shi ke nan?

Gimbiyar Kutse:
A'a. Ko da mai daraja 4, wajen kashi 10 cikin 100 na'urar za ta kai ga zargi ko fiye. In ana tare ka kullum, cikin tsayawa goma, yiwuwar a ce ka fito a leƙa motar aƙalla sau ɗaya ta kusa biyu cikin uku. Da an leƙa kuma rufin ne zai tona ka. SIN mai kyau na ranar tsautsayi ne, ba na kullum ba.

Baba Mai Ludo:
Gimbiya ta faɗi ta littafi, bari in faɗi ta tsufa.

Na fara wasan nan a bugu na 3 lokacin ina karatu a waje, zamanin da Lone Star ke riƙe da kwangilar 'yan sandan Siyatil, tun kafin Knight Errant su karɓe. Tun a lokacin kowane sabon rigga sai ya yi abin da ka yi, ni ma na yi. Kana ganin hoton mota mai sulke ka ce ga tawa. Sai an fara wasa ka gane yawancin aikin ƙungiya ba faɗa ba ne, tafiya ce daga wannan unguwa zuwa waccan ba tare da kowa ya tuna ya gan ku ba.

Ɗana, rigga mota biyu yake riƙewa. Akwai motar gari, akwai motar rana mai zafi. Motar gari Ford Americar ce ta 16,000, ko GMC Bulldog in kuna da trol, jinsin ƙattin nan, a cikinku, an yi mata fentin masu gyaran famfo ko masu kai saƙo, babu komai a jikinta da ya wuce R, takardunta tsaf. Ita ke shiga Bellevue. Roadmaster tana kwana Redmond, kuma ranar aiki ka matso da ita bakin iyaka ta ɓangaren da ba doka, ka ajiye ta a wani kango. Redmond da Bellevue ai maƙwabta ne. In abu ya tafi lafiya, ba wanda ya san tana nan. In ya ɓaci, ka ja masu bin ku zuwa inda take. Kai rigga ne, ba sai kana zaune a cikinta ba kafin ka tayar da ita. Su biyo Americar su sha kwana su tarar da abin da ke jiransu.

Giwa a garin wani zomo ce, amma taka giwar ko zomo ba ta iya zama ba, tana shiga unguwar masu kuɗi kowa ya ɗaga kai.

Harsashi:
Ni duk wannan dogon turanci ne. Mota mai sulke 18, ɗan sanda ɗaya da ƙaramar bindiga. Ka ɗage tamfol ka ba shi amsa. Me aka sayi bindigar don shi?

Baba Mai Ludo:
Harsashi, wanda ya tare ka ba shi ne matsalar ba, waɗanda zai kira ne. Ka duba jadawalin zuwan rundunar kai ɗauki a littafin. A unguwa mai daraja AAA dayis ɗaya ake jefawa, abin da ya fito mintuna ne, daga 1 zuwa 6. A yankin Z, inda ba doka, dayis biyu ne, kuma awanni ake ƙirgawa, in ma sun zo. Wannan tazarar ita ce duk taswirar Siyatil. Ka harbi ɗan sanda a Bellevue, kafin ka kai kwana ta biyu akwai jirgi marar matuƙi a samanka, kuma ba zai harbe ka ba, bin ka kawai zai yi har gida. Sannan hoton motar ya shiga labarai, sunanku ya ɓaci, masu ba da aiki su guje ku.

Harsashi:
To a gudu a shige harabar wani babban kamfani mana. Ai Knight Errant ba su da iko a can.

Gimbiyar Kutse:
Gaskiya ne ba su da iko, ƙasar kamfani mai daraja AA ko AAA dokar kamfanin ce ke aiki. Amma ka yi tunani, ka faso ƙofar Aztechnology ko Mitsuhama da mota mai bindiga a ka. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. 'Yan sanda aƙalla suna rubuta rahoto. Kuma kar ka kuskura ka shige ta Ares, Knight Errant ai 'ya'yan gidan ne.

Na Damagaram:
Barkanku da hira. Ni littafina na Faransanci ne, sunayen kaya na iya bambanta da naku, ku yi mani uzuri.

Ban yarda da Baba ɗari bisa ɗari ba. Mutum ya zuba rabin ɗan wasansa cikin mota, a ce ya ajiye ta a kango tana jiran ranar da ƙila ba za ta zo ba? A littafin Rigger 5.0 akwai abubuwan da aka yi don wannan matsala takamaimai. Akwai mazaunin bindiga na ɓoye, wanda ke nutsewa cikin jikin mota sai an buƙace shi ya fito. Akwai lambar mota mai rikiɗa. Akwai guntuwar na'urar da ke canja shaidar da mota ke aika wa GridGuide, tsarin kula da zirga-zirgar motoci. Akwai fentin hawainiya. Akwai ma'ajin fasa-ƙwauri. In ka haɗa waɗannan, Roadmaster ta koma motar ɗaukar kuɗin banki, kuma dama irin aikin da aka ƙera ta don shi ke nan. Mota mai sulke a Bellevue ba abin mamaki ba ce, masu kuɗi su ne ke hayar su. Abin mamakin shi ne mota mai sulke da ba ta da suna a jiki, da ork a gaba sanye da rigar fata, da ƙunshi a rufi kamar kayan 'yan cirani.

Autan Rukuni:
Kayan 'yan cirani 😭 Wallahi yau Yaya ya shiga uku.

Bakanike:
Maganar Na Damagaram ta kama hanya. Ni gyaran mota ne sana'ata ta gaske, kuma mahaifina direban haya ne shekara da shekaru. Abin da ya koya min shi ne, mai tsaron shinge ba takarda yake fara kallo ba. Tun daga nesa yake karanta mota. Yana kallon yadda bayanta ya zauna, ko ya yi ƙasa alhali ba kaya a fili. Yana kallon ƙura, ko ta dace da inda ka ce ka fito. Sannan ya kalli idonka. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Takarda sai ya riga ya yanke shawara yake tambayarta.

To haka nake buga nawa riggan. Duk mota tana da labari, kuma komai na jikinta sai ya faɗi labarin nan ɗaya. In motar kuɗi ce, a sa mata sunan kamfanin tsaro, direba da yunifom, lasisin mai gadi, lasisin riƙe makami, takardar aikin ranar da ke nuna daga ina zuwa ina. Motar kuɗi ba ta yin awa biyu a fake gaban gidan cin abinci da daddare. In aikinku na dare ne a unguwar gidaje, labarin motar kuɗi bai yi ba, a nemi wani. Kuma motar da ta kwana a Redmond tana da kamanni, ku wanke ta, ku toshe ramukan harsashi.

Mai Gadi:
Tunatarwa daga masu kula da rukuni: maganar wasa muke, ta Siyatil ɗin littafi. Kar wani ya kawo mana tambayar yadda ake canja lambar mota ta gaske, zan goge. A ci gaba.

Bakanike:
Ranka ya daɗe, ni gyara nake ba ɓatawa ba.

Gimbiyar Kutse:
Na Damagaram, kayan da ka lissafa suna aiki, amma ka faɗa masa kuɗinsu na biyu. Lamba mai rikiɗa da na'urar canja shaida su ma F ne. In aka buɗe motar aka gan su, laifi ya ƙaru. Kuma abu uku ne dole su zo daidai lokaci ɗaya: abin da ido ke gani, abin da motar ke faɗa wa Matrix (intanet ɗin duniyar wasan), da abin da ke rubuce a rajista. Mutane na canja biyun farko su manta na ukun. Kamara ta ga farar Roadmaster mai lamba kaza, rajista ta ce lambar nan ta jar Americar ce ta wata tsohuwa a Everett. Wannan ko ɗan sanda bai gani ba, kwamfuta ta gani. Sai an sayi shaidar mota wadda ta dace da irin motar, ko mai kutsenku ya yi aiki a kai kafin ranar.

Autan Rukuni:
Anti, in aka sa motar ta yi shiru a Matrix fa? Ba sai ta ɓace musu ba?

Gimbiyar Kutse:
Ta ɓace a Matrix, amma ƙarfe ne mai kujera 8 yana tafiya a titi. A Redmond kowa shiru yake, ba mai tambaya. A Downtown ko Bellevue duk motar da ke kan titi tana sanar da kanta, sai taka kaɗai ido na gani na'ura ba ta gani. Kamar ka shiga banki da fuska a rufe ne ka ce don kada a gane ka. Abin da ake yi shi ne motar ta fito fili da shaidar jabu mai tsabta, bindiga da sauran kayan ɓoye su ne za su yi shiru, ko ma a kashe masu waya gaba ɗaya a ja masu kebul.

Na Damagaram:
Wannan na yarda. Mu a teburinmu har mun fi son aro. Mai kutse ya buɗe motar kamfanin kai kaya da yamma, a yi aiki, a yar da ita kafin asuba.

Gimbiyar Kutse:
Aro na dare ɗaya lafiya lau. Riƙewa ce wahala. Mayar da mallakar abin sata zuwa sunanka gwajin Hardware da Logic ne mai tsawo, sai ka tara ci 24, kowace jifa awa ɗaya, kuma in ka yi tuntuɓe motar da kanta za ta kai ƙara. Kafin nan ma sai an bi jikinta da abin goge tambarin bibiya.

Bokan Tebur:
Tunda an taɓo yar da mota, bari in sa baki. Ni ne bokan da aka ce ban yi magana ba har aka kwashe kofuna, kuma har yanzu ban huce ba.

Duk kuna maganar waya da lamba, kun manta duniyar nan akwai tsafi. In na yi sihiri a cikin mota, sawuna na zama a wurin awanni daidai da ƙarfin sihirin, sai in na tsaya na goge. In wani ya zubar da jini a kujera kuka yar da motar haka, kun bar wa bokayensu abin da za su neme shi da shi duk inda ya kwana. Fentin hawainiya ba ya ruɗin iskan da aka ce ya bi ku ta sama. Ranar Asabar ɗin nan ni na tsaya na kori abin da ke bin mu, shi ya sa ba a zo garejin ba. Ba wanda ya ce min sannu.

Ɗan Gareji:
Sannu Malam. Wallahi ban san ka yi ba.

Bokan Tebur:
Kana can kana kukan jirginka.

Autan Rukuni:
Ni dai da ku dawo da wasan gida. Na ji akwai Legas a Shadowrun.

Baba Mai Ludo:
Akwai, a littafin Feral Cities na bugu na 4, ita da Chicago. A can ba mai tambayarka lasisi. Sai dai kowace kwana akwai masu ita, kuma mota irin wannan ba tara za su ci ka ba, motar za su so.

Sarkin Tasha:
Assalamu alaikum. An turo min hoton hirar nan sau huɗu tun safe. Ni ne mai jan wasan da ake magana, kuma tunda abokina ya kawo ƙara gaban jama'a, a bar ni in kare kaina.

Tarewa uku ya ce, amma bai faɗi yadda suka kasance ba. Ta farko a Renton ce, da rana. Ban jefa dayis ko ɗaya ba. Ɗan sandan ya zagaya motar, ya kalli rufin, ya ce masa kada ya sake ganin wannan abin a unguwarsa. Gargaɗi ke nan ƙarara. Ta biyu a Tacoma, wajen tashar jiragen ruwa, na jefa, na'ura ta yi zargi, ya ba da na goro nuyen 300 aka rabu. Bayan wasan na ce masa ya nemi SIN mai kyau ya kuma yi wani abu game da rufin nan. Ya ce zai duba. Abin da ya duba shi ne tamfol. Ta uku ya ɗauki motar nan ya nufi unguwar da ta fi ko'ina tsaro, a gudun babbar hanya, na ce masa iska na kaɗa tamfol ɗin bakin bindiga na leƙowa, ya ce a ci gaba. To me zan yi? In na kawar da kai, me ya rage na bambanci tsakanin Bellevue da Puyallup, inda ba doka? Wanda ke buga mana mai baki, wato mai yin magana da ciniki a madadin ƙungiya, ya kashe kuɗinsa kan tufafi da takardu don ya iya shiga irin waɗannan wurare, in kowa na shiga da tankar yaƙi to shi asara ya yi.

Gimbiyar Kutse:
Sarki, tarewar ba laifinka ba ce, na riga na faɗa masa. Amma kai ma akwai naka. Kai ka duba takardar ɗan wasan nan ka sa hannu. Ka ga 8F a rufi da SIN mai daraja 2, ka san inda za ta ƙare, ranar ya kamata ka tsayar da shi, ba bayan wata uku ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyu, wata uku kuna wasa, aiki nawa ka ba su wanda motar nan za ta yi amfani? Duk wanda ya zuba kuɗinsa a Roadmaster yana gaya maka irin wasan da ya zo bugawa. Ka ba shi rakiyar kaya daga tashar Tacoma, ka ba shi ketare Puyallup cikin toka da 'yan daba a kan babura, ka ba shi tsallaka iyakar Salish-Shidhe, ƙasar da ke kewaye da Siyatil. In duk ayyukanka na sanɗa ne a unguwar masu kuɗi, kai ma ka taya shi kulle garejin.

Sarkin Tasha:
Aiki bakwai muka yi. Ɗaya ne a Barrens, wato su Redmond da Puyallup.

Gimbiyar Kutse:
To ka gani.

Sarkin Tasha:
Na gani. Amma ba zan koma ba su aikin harbe-harbe kullum don mutum ɗaya ba, mu biyar ne a tebur.

Baba Mai Ludo:
Ba wanda ya ce kullum. Ɗaya cikin uku ma ya isa ya ji motarsa na da rai.

Kuma Sarki, ga abin da na daɗe ina yi a nawa teburin. Knight Errant kamfani ne, kwangila suke ci, kowane harsashi da kowace awar ma'aikaci akwai mai lissafinta. Ɗan sandan da ke sintiri shi kaɗai da dare, ya ga mota mai sulke da bindiga a ka, ba lallai ya kunna jiniya ba, yana da iyali. Ya fi sauƙi ya ɗauki hoto ya ajiye. Tsakanin "wuce" da "SIN ya ƙone, a bi su" akwai fili mai faɗi, kuma a nan labari yake. A kira janwe a kai motar ofis, fito da ita ya zama aikin mako mai zuwa. A manna mata abin bibiya ba su sani ba. Ko wani sajan ya kira Kwalta bayan kwana biyu ya ce ina da hotonka, ba na son kuɗinka, akwai wani kaya da nake son a kai Redmond ba tare da sunana ya fito ba. Daga nan ka ba shi ɗan sanda a cikin mutanensa, wanda zai riƙa gaya masa inda aka kafa shinge, kuma wanda zai iya sayar da shi ranar da ta ɓaci.

Harsashi:
Ko a harbe sajan ɗin.

Mai Gadi:
Harsashi, je ka sha ruwa.

Sarkin Tasha:
Baba, wannan ta sajan na ɗauka, kuma Ɗan Gareji ka yi kamar ba ka karanta ba.

Ga abin da zan iya yi. SIN ya ƙone, wannan ba gyara, dayis ya riga ya faɗi. Hoton motar na hannunsu, don haka ko ta fito sai da sabon fenti da sabuwar shaida. Bakaniken da ke cikin mutanenka zai iya nutsar da mazaunin cikin rufi, amma motar za ta yi mako biyu na cikin wasa a hannunsa, kuma zan cire kujeru biyu don bindigar ta samu wurin kwanciya. Sabon SIN mai daraja 4 da lasisi huɗu ka nema ta hannun dillalinku, a jefa dayis a ga kwana nawa zai ɗauka. Kafin nan ku nemi motar gari.

Ɗan Gareji:
Kujeru biyu? Sarki, mu biyar ne da trol, ga jirage.

Sarkin Tasha:
Takwas a cire biyu saura shida. Trol ɗin ya riƙe jirgi a cinya.

Ɗan Gareji:
To kuɗin fa? SIN 10,000, lasisi huɗu masu daraja 4 wani 3,200, Americar 16,000, ban sa aikin bakanike ba. Nuyen 6,000 ne ya rage min. Motar nan kowa take ɗauka, ya kamata a yi karo-karo.

Na Damagaram:
A teburinmu rigga na da kaso na musamman daga kowane aiki, na mai da gyara. In ba haka ba shi kaɗai ke talaucewa.

Bokan Tebur:
Karo-karo ba matsala. A fara biyana kasona na aikin Bellevue da ya lalace, daga ciki sai in cire nawa.

Ɗan Gareji:
Malam, ai ba a biya mu ba.

Bokan Tebur:
Na sani.

Bakanike:
Ka sayar da jirgi ɗaya, ka sayi Americar ta hannu. Wadda ta ɗan tsufa ma ta fi, mai lotsawa a ƙofa, ba mai kallonta sau biyu.

Autan Rukuni:
Yaya, tamfol ɗin fa, na sayarwa ne?

Ɗan Gareji:
Yana kan hanyar 405, je ka ɗauka. Sarki, Asabar ƙarfe huɗu ne ko an canja? Ni zan kawo sukari wannan karon.

Sarkin Tasha:
Huɗu da rabi, bayan la'asar. Ka zo da takardar Kwalta da fensir, akwai abubuwan da za mu goge.